Gonar Baba a Kan Katako

Abin da mutanen garinmu ke faɗa a kaina ba haka yake ba, kuma na gaji da bin su ɗaya-ɗaya ina gyarawa. Ba koro ni aka yi daga Masar ba, da ƙafata na dawo. Ba fentin gida na koyo ba, saboda haka masu aikowa in je in shafa musu ƙofar shago su hutar da kansu. Kwalbar da aka hango a jakata kuma ba maganin farin jini ba ce, mai ne, kuma ba na sayarwa ba ne. Abu ɗaya suka faɗa daidai: an sayar da gona na tafi, na dawo da katako. Wannan kam ba ni da ja. Labarin katakon zan bayar.

Sunana Zulai. Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, inda gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a taka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Tamu tana bayan gida, da ɗorawa a tsakiyarta. A shekarun nan da taki ya fi ƙarfin manomi, har masu rumbu suka koma awo, na gama sakandare na zauna ina kallon takardata. Sai ga wata Hajiya Turai daga birni, wai tana kai 'yan mata aikin jinya a wani asibiti a Alƙahira, daga baya kuma a sa su makaranta. Baba ya cire gyaɗar wannan shekarar, ya sayar da gonar. Ba zan tsaya a kan ranar tafiya ba. Kuka ne, kowa ya san kuka.

Zangona na farko ɗakin Hajiya Turai ne, a wata unguwa mai dogayen benaye da rana ba ta sauka ƙasa. Katifu a jere, 'yan mata daga Kano, daga Katsina, har da na Damagaram. Tun a filin jirgi ta karɓe mana fasfo, wai kar mu yar. Da na tambaye ta yaushe za a kai mu asibitin, sai 'yan matan suka kwashe da dariya.

Hajiya ta ce, "Ke ce 'yar bokon ko? To asibitinki tukwane ne a kwance a ciki, gobe za ki fara duba su."

Matar gidan da aka kai ni kwaɗo take sa wa firij. Albashi hannun Hajiya yake zuwa, ni sai dai in ji labari. Larabcin Islamiyya kuwa bai tsinana min komai ba. Ranar da aka aike ni sayen burodi na haɗa jimla tsaf yadda Malam ya koya mana, mai shagon ya tsaya ya saurare ni har na dire, sannan ya shafa fuska ya ce amin.

Yunwa ba ta dame ni kamar rashin ƙasa ba. Tunda na sauka ƙafata ba ta taka rairayi ba, daga tayil sai kwalta. Ina cikin wanke-wanke sai in rufe ido, in ji ƙamshin ruwan farko, in ji Baba yana ƙwala wa yayana Sunusi kira ya ɗauko sungumi, Inna tana mitar an kwashe mata kwano an zuba iri. In buɗe ido in ga kumfa.

Ban daɗe a gidan ba. Ranar da matar ta ce na ci mata cuku, na gaya mata da Turanci, don ta ji da kyau, cewa a garinmu ko akuya ba a rufe wa abinci da kwaɗo. Ta watso min kayana waje.

Ina tsaye a bakin titi da ƙullin kayana, motoci suna wuce ni, ina ta zagin su da Hausa, sai na ji murya a bayana.

"Ke 'yar wa ce ke zagin mota da harshen kakannina?"

Wata tsohuwa ce baƙa, a zaune gaban murhun shayi. Hajja Asha sunanta, 'yar Sudan. Kakanninta Hausawa ne da suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta mutanen da ce, sai ka ce kakata ce ta tashi. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a can. Ta ba ni shayi, ta ƙi karɓar komai, ta kwantar da ni a ɗakinta. Ita ce ta samo min aiki a gidan wata mai sayen shayinta, Madam Samiha.

Madam tsohuwa ce siririya, mai farin gashi da ciwon asma, kuma zane ne sana'arta. Ɗakin aikinta cike yake da alluna a jingine, duk sun juya wa mutum baya. Ranar farko ta jero min dokokinta: ba turare, ba hayaƙi, kuma ko da wasa kar in shigo mata da tina, ruwan nan mai warin kananzir da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Shekarun da ta yi tana shaƙar sa ne suka cinye mata ƙirji. Yanzu daga fenti sai mai take aiki. Aikina shara, girki, da wankin buroshi: a goge da tsumma, a tsoma a mai, a sake gogewa, sannan a wanke da sabulu. Tsummokaran kuma a jefa su cikin gwangwani mai ruwa, don ta ce in aka tara su a bushe wuta suke kamawa da kansu.

Man nata na 'ya'yan wani tsiro ne da suke kira kattan. Na gane shi, don irinsa mutanen garin ke zuba wa dafaffen wake da safe. A raina na ce ashe man ci ne kawai aka yi wa kwalba mai kyau.

Yadda take aikin kuwa haushi yake ba ni. Ta ɗan shafa, ta ja baya ta kalla, ta juya allon ga bango, sai bayan kwanaki ta waiwaye shi.

Na ce, "Madam, wannan zane ne ko jinya?"

Ta ce, "Ba ke kika ce jinya kika zo yi ba?"

Ana haka saƙo ya zo min daga gida ta hannun wani ɗan garinmu mai karatu a can. Yaji, daddawa, ƙuliƙuli, da gorar man gyaɗa an naɗe ta da leda kamar jariri. Na kira Inna. Ta ce gyaɗar da Baba ya ware ce don iri, cikin ta ƙarshen da aka cire a gonar. Damina ta zo ta wuce babu inda za a shuka ta, shi ne ta soye ta ta matse. Na buɗe gorar na shinshina, na zauna a ƙasan kicin ɗin Madam na daɗe ban tashi ba.

Yaya Sunusi ne ya karɓi wayar ya faɗa min sauran. Wanda ya sayi gonar ya zagaye ta da bulo, ya yanka filaye, ya sare ɗorawar. Baba kullum da safe sai ya je ya tsaya a jikin katangar. Kuma idonsa yana tafiya. Likita a birni ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu.

Na ce, "Ba wanda yake da hoton gonar a waya?"

Ya ce, "Zulai, wa yake ɗaukar gona hoto? Amarya ce?"

A ranar na ƙudurta zan zana wa Baba gonarsa, in kai masa ya gani kafin idon ya rufe. Na roƙi Madam, ta ba ni wani katako da ta riga ta shafa wa fari, da ragowar fenti. Daidai lokacin sanyi ya kwantar da ita, ba ta fitowa daga ɗaki, ni kuma ban ga dalilin jiran ta ba. Na ga yadda ake yi.

Na matso fentin na ji shi da tauri, ba ya tafiya. To a gidanmu mai ake fara zubawa a tukunya, kuma abin da kake so ba ka yi masa rowar mai. Ga man gonar kanta a hannuna, me zan yi da na kattan? Na tuttula man Inna, na dama, na shafa. Wallahi ya yi kyau, yana ta sheƙi. Washegari na ɗora gero da gyaɗa, jibi na ɗora ɗorawa, ita kuma da kaurin fentin yadda ya fito, ban sa masa mai ba, don ganyen ya fito sosai. Na jingine shi a kicin ina jiran ya bushe.

Bai bushe ba. Sati ya wuce, wani ya bi shi. Saman ya yi ɓawo, ƙasan yana nan jagab. Ɗorawar ta fara zamewa ƙasa kamar mai jin barci, sararin sama ya yamutse, kunyoyin suka tsattsage kamar kududdufi a bazara. Sai kiyashi suka gano shi, suka yi layi daga taga.

A haka Madam ta fito ta same ni ina korar su. Ta sunkuya ta shinshina katakon.

"Me ya sa zanenki yake ƙamshin abinci?"

Na nuna mata gorar. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ɗauko mata abin shaƙarta. Da ta ga ni ba dariya nake ba, ta tambayi labarin man. Na faɗa mata duka, har da idon Baba. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce kuskurena biyu ne. Na farko, ba kowane mai ne yake bushewa ba. Na kattan in ya sha iska daskarewa yake ya zama fata, na gyaɗa kuwa ko jikokina ne suka zo za su tarar da shi a jiƙe. Na biyu, ko da man kirki na yi, na kifa aikin. Shafin da ya fi mai ya fi daɗewa yana motsi kafin ya tsaya. In ka sa shi a ƙasa ka ɗora marar mai a kai, na saman zai riga shi bushewa, na ƙasan ya motsa ya tsaga shi. Masu tina suna tsinka shafin farko da ita. Mu da ba mu da ita, fentin za a ɗiba ɗan kaɗan yadda ya fito, ba a ƙara masa komai, a murza shi da buroshi mai tauri har ya yi siriri kamar ƙura. A bari ya bushe. Na biyu a ɗiga masa mai kaɗan. Na uku ya ɗara na biyu. Kowane shafi sai na ƙasansa ya bushe.

Na ce, "Tuwo ke nan. Gaya a ƙasa, miya a kai, man shanu a can sama."

Ta ce ba ta san tuwo ba, amma in haka ake cin sa, masu shi suna da hankali.

Na ce, "To wata nawa ke nan? Babana ba shi da lokacin jiran fentinki."

"Fenti bai san babanki ba," in ji ta. "Yi sauri ki kai masa abin da zai tsage a hannunsa."

Na ji kamar in rotsa katakon a kanta. Na fita baranda na gama hucina, na dawo na ce ta ba ni wani.

Sauran man Inna cin sa muka yi. Na dafa garau-garau, na zuba masa man da yaji, na kira Hajja Asha. Madam ta ci tana hawaye tana ƙorawa da ruwa, ta ce a ƙaro. Hajja kuwa loma ɗaya ta kai ta ajiye cokali, ta ce rabonta da wannan ɗanɗanon tun kakarta tana da rai.

Katako na biyu shi ya koya min abin da Inna ta kasa, wato haƙuri. Shafin farko jar ƙasa ce kawai, na murza har hannuna ya yi tsami, ba sheƙi ba kyau, kamar gona a rani. Na juya shi ga bango. Kullum sai na je na taɓa gefensa da ɗan yatsa, Madam tana daga kujerarta tana cewa, "Na gan ki." Da ya bushe na ja kunyoyi, na kafa ɗorawa ba ganye. Na sake jira. A cikin jiran nan ne gonar ta riƙa dawo min a hankali: inuwar da muke cin ɗumame a ciki ranar noman farko, hanyar da ta ratsa ta gabas, zogalen da Inna ta jera a kan iyaka, yadda gero ke sunkuyawa in ya ɗauki kai. Duk shafin da na ƙara, ɗigon mai ya ƙaru, launi ya ƙara zurfi, kamar damina tana kankama.

Waya kuma ba ta daina zuwa ba. Idon dama ya tafi. Na hagu, in ji Yaya, kamar mai leƙe ta cikin kara yake gani da shi, abin da ke gabansa kawai, gefe duk duhu. Na ajiye wayar na ɗauki buroshi, shafin ƙasa bai gama bushewa ba. Madam ta ɗago ta kafa min ido. Na mayar da buroshin. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba, har da wankin bayin matar kwaɗo.

Da aikin ya kammala na ce zan tafi gida, sai maganar fasfo ta taso. Hajiya Turai ta ce ban gama biyan ta ba. Madam ta sa na raka ta har ɗakin, ta hau benen nan tana hutawa a kowane hawa, ta samu kujerar Hajiya ta zauna, ta ɗora sandarta a cinya.

Ta ce, "Ni tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, ɗakin nan kuma turare ya yi masa yawa. In na mutu a nan, ke za ki yi wa hukuma bayani."

Ta fara tari. Har yau ban san na gaske ba ne ko na ƙarya. Hajiya ta jefo min fasfo ɗin tana cewa in tafi can da tsiyata. Madam ce ta cika min kuɗin jirgi, ta haɗa min ragowar fenti da buroshi biyu da kwalbar man kattan. Hajja Asha ta ce in na isa in ɗebi ƙasar Kano in gaishe ta.

Na iso gida gero yana fitar da kai. Na tarar Baba ya rame, yana zaune a zaure, sai da na yi sallama ya gane ni. Ban bari an gama gaisuwa ba na ce a fito masa da tabarma tsakar gida inda haske yake. Na kwance katakon na ɗora masa a cinya. Ƙanensa, Kawu Malam, ya leƙo ya ce tunda babu mai rai a ciki ba laifi.

Baba ya kawo fuskarsa kusa. Ba ya iya ganin sa gaba ɗaya, sai ya fara daga kusurwar gabas, yana bin sa a hankali da idon nan guda, kunya bayan kunya, yadda yake zagaya gonar da safe. Ya tsaya a kan zogale. Ya wuce. Da ya zo ɗorawa ya daɗe, leɓensa yana motsi. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ya gangara kudu, ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake dubawa.

Ya ce, "Zulai, gonar wa kika zano?"

Na ce, "Taka ce mana, Baba."

"Ɗorawar tawa ce. Zogalen na uwarki ne. Amma ina ƙudujin?"

Ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero tun daga saiwa. Sai a lokacin na tuna. Gefen kudu kullum geron a tsumbure yake, rawaya-rawaya, furen nan ya yi masa rumfa.

Ya ce, "Tun ina saurayi nake faɗa da shi a wannan kusurwar. Na tuge, na ƙone, na zuba toka, na juya da gyaɗa, ya dawo. Ke kuma kin zo kin share min shi a zaune. Wannan geron na kudu ban taɓa samun irinsa ba ko a shekarar da aka fi ruwa. Gonar wani ce, mai sa'a."

Yaya Sunusi ya ce, "Haba Baba, gyara maka ta yi."

"Ban ce a gyara ba. A ba ni kayata yadda take."

Ya faɗa yana dariya, amma bai saki katakon ba, ya riƙe shi da hannu biyu, babban yatsansa yana kan kusurwar kudu.

Na karɓa na duba shafin saman. Ya bushe sarai, zai ɗauki wani. Ina da ja, ina da shuɗi da fari, man da ya rage zai isa shafi ɗaya mai maiƙo, wanda ya fi duk na ƙasansa. Sai dai launin furen ya ɓace min, kuma ba zan sake zana wa Baba abin da na ga dama ba. Maƙwabcinmu Malam Idi gonarsa cike take da shi, yana ta kuka da shi tun farkon damina. Gobe in Allah ya kai mu, da hantsi, lokacin da idon Baba ya fi gani, zan riƙe hannunsa mu je can. Shi zai zaɓi wanda ya fi kama da nasa, ni in tugo. Mu dawo in zauna kusa da shi in dama launin, ya nuna min inda kowane tushe yake, in tsumbure masa geron kudu, in shuka masa ƙudujinsa da hannuna.